Ka Ce Mana An Dakata, Alhali Kuwa An Daina

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Shirin Tallafa wa Mata Masu Turara Shinkafa,
Ofishin Shiyya, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Allah ya sa haka, amin.

Sunana Binta, daga ƙauyenmu da ke gefen babban kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Saboda masu karatu da ba su san mu ba, ni ce matar da ta yi wa shirinka tafinta tun daga ranar da aka fara shi har ranar da aka tashi. Kafin nan ni malamar Turanci ce a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata mai zaman kanta a Kura. Kai kuma, ban da kujerar da kake kai, ɗan kawuna ne. Mahaifiyata da mahaifinka ciki ɗaya suka fito. A gida Yaya Auwalu nake ce maka, kuma akwai wasan taubasai tsakaninmu tun muna yara. Yau na ajiye wasan a gefe. Na kira wayarka, na zo ofishinka, na aika maka ta bakin Kawu, amsar dai ɗaya ce: kana mitin, za ka neme ni. Tunda a gaban jama'a ka sa na yi magana da yawunka, to a gaban jama'a zan nemi haƙƙina da na matan da suka yarda da ni.

Ba rufe cibiyar turara shinkafar da ka buɗe mana ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Mu manoma ne, mun saba abu ya yi kyau bana ya ƙi baɗi. Abin da ke ci mini rai shi ne kalmomi. Kalmomin Turancin nan da ka riƙa miƙo mini ɗaya bayan ɗaya ina juya wa mata da Hausa, alhali ka san wadda ta dace ka faɗa, ka riƙe ta a bakinka.

Na farko: yadda aka fara.

Tun da ruwan kanal ya iso yankinmu matan ƙauyenmu suke turara shinkafa. Su sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a hannun manoma, su jiƙa, su turara a rabin durom a kan murhun itace, su shanya a tamfol a bakin hanya, sannan a kai injin casa a Kura. Aiki ne mai wahala, hayaƙi yana cin ido, amma kowace mace tana da murhunta, tana da masu sayenta, ba ta jiran kowa.

Ka zo mana bayan kaka, kai da baƙi daga Abuja da wata Baturiya da ke wakiltar masu ba da tallafin. Kafin a shiga taron da aka yi a filin firamare ka ja ni gefe ka ce, “Binta, matan nan ba za su saurari yarana na ofis ba. Ke suka sani, ke kika koyar da 'ya'yansu. Ki zama bakina.” Na yarda. Daga baya, da aikin ya yi yawa, ka ce in ajiye koyarwa in riƙe cibiyar gaba ɗaya. Na ajiye.

Mutum biyu nake so ka tuna, domin su ne suka fi kowa sa wuya a wannan abu.

Ta farko Iya Rabi, dattijuwar da mijinta ya rasu ya bar mata gona a bakin kanal, inda ruwa ke fara isa kafin ya wuce wa kowa. Albasa take yi da rani, shinkafa da damina. Kuna neman fili kusa da ruwa kuma kusa da hanya, ba inda ya dace sai nata. Da ƙafarka ka je, ka cire takalmi ka zauna a tabarmarta. Ina wurin ta ce, “In dai don matan garin nan ne, ku ɗauka. Auwalu ai ɗanmu ne.” Aka zuba siminti a kan ƙasar da ta ciyar da ita shekara da shekaru, aka yi daɓen shanya da rumfa da ɗakin ajiya.

Ta biyu Saratu, wadda kowa ke kira Maman Bitrus. Daga Filato ta zo tana amarya, mijinta makanikin injinan ban ruwa ne. Da ya rasu a nan aka binne shi, ita kuma ta ƙi komawa, ta yi renon 'ya'yanta da turara shinkafa. Duk ƙauyen ba wadda ta kai ta hannu, shinkafarta ba ta karyewa a inji. Mata da kansu, Musulmi da Kirista, suka zaɓe ta ta zama shugabar aiki. Sharaɗin shirin shi ne duk wadda ta shiga ta bar durom da itace. Saratu ta sayar da nata ga 'yan gwangwan, ta rarraba masu sayenta ga wasu mata a Kura.

Gaskiya guda ce, zan faɗe ta don kada a ce na yi butulci. An yi kaka biyu ana jin daɗi. Babbar tukunyar ƙarfen da kuka kawo da buntun shinkafa take aiki, ba hayaƙi, ba sayen itace. Injin cire tsakuwa ya sa shinkafarmu ta yi suna. Mata suka sayi awaki, wasu suka mayar da 'ya'yansu makaranta. A lokacin in ka zo da Hausa kake mana magana, Hausar garinmu, har da barkwanci, sai in akwai baƙi ne nake tashi in fassara.

Na biyu: “pause”.

Ana tsakiyar rani, an fara cire albasa, ka zo kai da direbanka kaɗai. Babu baƙo ko ɗaya, amma ka miƙe ka yi jawabi da Turanci, ka ce, “Malama, fassara.” Ban kawo komai a raina ba a lokacin. Sai daga baya na lura cewa tun daga ranar, duk maganar da ta shafi makomar cibiyar da Turanci kake yin ta.

Kalmar da ka faɗa ita ce “pause”. Na san ta sarai. Ita ce a jikin maɓallin da ake dannawa a waya in ana sauraron karatu aka yi sallama a ƙofa. Ka danna, ka je ka dawo, ka sake dannawa, karatun ya ci gaba daga inda ya tsaya. Don haka na ce wa mata an ɗan tsaya ne, kamar yadda matafiyi kan raɓa inuwa ya sha ruwa ya miƙe. Ka ce za a duba lissafin ofis ne kuma a yi wa tukunya gyara.

Saratu ta ɗaga hannu ta ce, “Oga, har zuwa yaushe?”

Wannan kam da Hausa ka amsa mata. Ka ce, “Kafin shinkafar rani ta shigo, Maman Bitrus, in sha Allahu.”

Shinkafar rani ta shigo. Muna zaune a rumfa muna kallon adaidaita sahu da kurar shanu suna wucewa da buhunan shanshera zuwa Kura, zuwa hannun wasu. Ba wadda ta yi gunaguni. An ce mana hutu ne, muka huta.

Na uku: “suspend”.

Gab da faɗuwar damina wani maigadi da ba mu sani ba ya zo da sabon kwaɗo ya datse ƙofar. Na kira ka. Ka ce an yi “suspend” ɗin aiki na ɗan lokaci. Na ce, “Yaya, da ‘pause’ ka ce mana, yanzu kuma ‘suspend’. Wani abu ya canza ne?” Ka yi dariya ka ce, “Malamar Turanci! Duk ɗaya ne, ke dai kin cika bin diddigi.”

Ba ɗaya ba ne, ranka ya daɗe, ta biyun ta fi nauyi. Amma gidansu ɗaya, domin dukkansu akwai dawowa a cikinsu. Na yi shekaru a makaranta, na san ɗalibar da aka yi wa “suspend” gida take tafiya ta yi kwanakinta ta dawo, kujerarta tana nan, sunanta yana nan. Wadda aka yi wa “expel” ita ce aka kora, ita ce iyayenta ke tashi neman wata makaranta tun washegari. Da wannan misalin na yi wa mata bayani a gidan mai unguwa. Na ce dakatarwa ce, ba kora ba ce. Suka ce sun ji.

Ga abin da wannan kalma ta jawo.

Wani mai injin casa a Kura yana faɗaɗa wurinsa, ya aiko wa Saratu ta zo ta riƙe masa ɓangaren turara gaba ɗaya, aiki na dindindin. Ta zo gidana da hantsi, ta zauna a tabarma, ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba. Ta ce, “Malama, ke kika san Turancin nan, kuma ɗan'uwanki ne. In karɓa ko in jira?” Ban yarda na amsa da kaina ba. A gabanta na kira ka, na buɗe muryar wayar don ta ji da kunnenta. Ka ce, “Ta jira mana. In ta tafi wa zai riƙe mana aikin in mun dawo?” Saratu ta aika wa mai injin da godiya. Kafin mako ya zagayo ya ɗauki wata.

'Ya'yan Iya Rabi suka zo da guduma za su fasa gefen daɓen, ko ta sami inda za ta dasa shinkafa kafin damina ta yi nisa. Ni na tare su, na ce Darakta ya ce aiki zai dawo. Wasu mata suka fara maganar su haɗa hannu su sayi durom su ɗan riƙa taɓawa kafin a buɗe. Da na gaya maka, ka ce in gargaɗe su, duk wadda aka ga ta koma durom da itace za a cire sunanta in an dawo. Na gargaɗe su. Suka fasa. Damina guda cur matan da ba su taɓa sanin zaman banza ba suka yi ta zaune, suna sayar da awakin da suka saya ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu: sauran 'yan'uwan kalmar.

Daga nan kalmomin suka riƙa zuwa kamar ana canza wa mara lafiya magani. Aiki yana “on hold”, wato an riƙe shi a hannu ba a ajiye ba. Taron da dagaci ya nemi a yi da kai an yi “postpone” ɗinsa, wato an ɗaga shi zuwa gaba, ba “cancel” ba, wadda ke nufin an soke. Na zauna na tuna duk maganganunmu, ban sami rana ɗaya da ka yi kuskure ka furta kalmar da babu dawowa a cikinta ba. Wanda bai san bambancinsu ba ba zai iya wannan taka-tsantsan ɗin ba.

Sau ɗaya aka buɗe kwaɗon nan. Ka aiko a share wuri, mata su sa rigunan aiki. Murna ta cika gari. Ka zo da mai hoto, da buhunan shinkafa gyararriya a bayan motarka, aka zuba a faifai aka ba mata suka riƙe suna murmushi. Ko wuta ba a hura a tukunyar ba. Da yamma aka kwashe shinkafar aka mayar mota, aka mayar da kwaɗo. Ba a daɗe ba babbar mota ta zo ta ɗauke tukunyar da injin cire tsakuwa. Ka ce Kano za a kai su gyara.

A wannan lokacin ne aka fara kirana Malama Dakata. Da farko a bayan idona, daga baya har a gidan biki.

Na biyar: ranar otal.

Bayan kaka ka aiko da bas, ka ce akwai babban taro a Kano, manyan baƙi za su zo, mata su yi shiri. Ba wanda ya ce mana za a buɗe cibiya, wannan gaskiya ne, amma me kake tsammani matan da suka kusa shekara suna jira za su ɗauka? Sai da suka yi anko. Iya Rabi, da ƙafarta mai ciwo, ta ce ba za a bar ta a baya ba.

A ƙofar zauren na ga ƙyalle an rubuta “close-out” da manyan baƙaƙe. Na ce wa kaina wataƙila zangon farko ake rufewa za a buɗe na biyu. Ka hau mumbari cikin babbar riga. Ka ce shirin ya yi “conclude” cikin nasara, wato an kai shi ƙarshensa yadda aka tsara, kuma an damƙa cibiyar a hannun al'umma. Aka haska hotunan nan na faifai a bango. Zaure ya ɗauki tafi. Matanmu da suka ga fuskokinsu su ma suka yi ta tafi, har da guɗa. Saratu kaɗai ba ta tafa ba, domin tana ɗan tsintar Turanci a coci da bakin 'ya'yanta. Ta juyo ta dube ni, na sunkuyar da kai.

Da aka tashi shan shayi, Baturiyar nan ta gane ni, ta rungume ni. Da zuciya ɗaya take magana, ba ta san tana tona komai ba. Ta tambaye ni yadda mata ke tafiyar da injinan da kansu tun da aka yi “terminate” ɗin tallafin. Ta ce ta ji daɗi da aka ba mu isasshen lokaci muka shirya. Na tambaye ta yaushe aka yanke wannan shawara. Lokacin da ta faɗa mini ya riga ranar da ka zo mana da “pause”. Ta ce tun a lokacin aka amince a gaya wa mata ƙarara don kowace ta nemi madafa, kuma a bar musu kayan aikin.

“Terminate” ba ta da hutu a cikinta, ranka ya daɗe, ba ta da jira. Ita ce tasha ta ƙarshe, inda direba ke kashe mota ya zare mukulli kowa ya sauka ya kama gabansa. Wannan kalmar kana da ita a aljihu ranar da ka tsaya a rumfarmu ka ce kafin shinkafar rani ta shigo. Kana da ita ranar da ka ce Saratu ta jira.

Na koma kujerata. Iya Rabi ta jawo gefen mayafina.

“Binta, me suka ce? Yaushe za a buɗe?”

Na ce, “Iya, sun ce an gama.”

“Alhamdulillahi. An gama gyaran ke nan?”

“A'a, Iya. Shirin aka gama. Tun bara aka gama shi.”

Ta ajiye robar abincin da aka raba mana a ƙasa a hankali. Can ta ce, “To, simintin fa?”

Na ratsa mutane na same ka kana gaisawa da baƙi. Ka ga fuskata, ka rage murya ka ce, “Binta, ba a nan ba. Za mu yi magana a gida.” Har yau ba ka zo gidan ba.

Muka shiga bas muka kama hanyar gida. Ba wadda ta yarda ta zauna kusa da ni sai Saratu. Sai da muka wuce Kura muka hau hanyar ƙauye, sannan ta ce, “Malama, ban ce kin cuce ni ba. Amma a bakinki na ji.”

Na shida: maganar harshe.

Na ji an ce kana faɗa wa mutane wai matsalar fassara ce, wai Hausa ba ta rarrabe waɗannan abubuwa yadda Turanci ke yi. A nan ne raina ya fi ɓaci, domin a garin nan aka yanke maka cibiya. Ka san tsayawa daban, dakatawa daban. Ka san in mace ta ce ta fasa zuwa kasuwa ba ta tafi ba ne sam, in ta ce ta daina zuwa ta taɓa yi ta bari. Muna da ɗagawa, muna da sokewa. Muna da katsewa ga abin da aka yanke yana tsaka da tafiya, muna da kammalawa ga abin da aka kai ƙarshensa da kyau, muna da watsarwa ga abin da aka juya wa baya aka tafi. Duk kalmar da ka ba ni na ba ta 'yar'uwarta daidai da daidai. Wadda ba ka ba ni ba ce ban fassara ba. Kuma in za a bi gaskiya, abin da aka yi wa cibiyarmu ba “conclude” ba ne. Sunansa “abandon”, watsarwa.

Ka dubi masu kula da ƙofofin ruwa a kanal. In layin wasu ne yau, sai a ce muku ku dakata, naku yana zuwa, manomi ya je ya yi wani aikin ya dawo. In kuwa za a rufe ruwa rani guda don gyara, tun da wuri ake shela. Mutane su yi fushi, su yi surutu, amma ba mai zuba iri. Wani ya haƙa rijiya, wani ya nemi aron gona a wani sashe, wani ya tafi ci-rani. Ba wanda ke riƙe mai shelar a zuciya. Talaka yana iya ɗaukar magana mai ɗaci, domin da ita yake sanin abin da zai yi in gari ya waye. Da ka ce mana an daina, da mun yi kukanmu mun share hawaye, da Saratu tana Kura tana aikinta, da matan nan ba su sayar da awakinsu ba, da ni ma na koma makaranta tun ba a cike gurbina ba.

Na yi ta juya abin a raina ina neman dalilinka. Abu ɗaya kawai nake gani: kana bukatar mu zauna yadda muke, babu durom, babu hayaƙi, babu wadda ta watse, har a ɗauki hoto a yi taron otal. In akwai wani dalili ban da wannan, ka faɗa, zan saurara, kuma in na zalunce ka zan nemi afuwarka a inda na yi wannan magana.

Na bakwai: inda muke yau.

Saratu ta koma Filato wurin babbar 'yarta. Matar da ta ƙi tafiya ranar da ta binne mijinta, ta tafi bana. Maƙwabtanta ne suka ɗaukar mata kaya har bakin titi, ana ta kuka. Ta ce in riƙa sa ido a kan kabarin kada ciyawa ta rufe shi.

Gonar Iya Rabi tana nan ƙarƙashin siminti. Daɓen ya fara tsagewa, awakin unguwa ke kwana a kai. Ruwa yana wucewa ta gefensa kullum zuwa gonakin wasu. Matar da a da take aika wa gidaje albasa kyauta, yanzu sai abin da 'ya'yanta suka kawo mata. Mukullin ɗakin ajiyar da ka ce an damƙa wa al'umma, ba dagaci, ba mai unguwa, ba ni, ba wanda ya taɓa ganinsa.

Wasu mata sun sake gina murhu da duroman aro, amma masu sayensu na da sun kama wasu. Ni kuma ina koyar da 'yan yara a zauren gidanmu da yamma. Akwai iyayen da suka ce ba za su kawo nasu ba, wai Turancina ba abin yarda ba ne.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatunmu:

1. Ka zo ƙauyenmu da rana tsaka, a tara mata a gaban dagaci, ka gaya musu da Hausa, da bakinka, yaushe aka yanke shawarar rufe shirin da kuma abin da ya hana ka faɗa.

2. Ka bayyana inda tukunyar da injin cire tsakuwa suke. In na matan nan ne kamar yadda aka shaida mini, a dawo musu da su tare da mukullin cibiyar.

3. In cibiyar ba za ta sake aiki ba, ofishinka ya ɗauki nauyin fasa simintin, a kwashe ɓaraguzan, a mayar wa Iya Rabi gonarta yadda za ta nomu tun tana da rai.

4. A daina amfani da hotunan matanmu ana nuna wa duniya an yi nasara. Ba su ba da fuskokinsu don wannan ba.

5. Ka nemi Saratu, ko a waya ne, ka ba ta haƙuri. Lambarta tana wurina.

Kafin in rubuta wannan wasiƙa sai da na je na durƙusa gaban Kawu na gaya masa niyyata. Ya ce, “Ki faɗi gaskiya, amma kada ki zage shi.” Ina fatan na cika masa duka biyun.

Zumuncin da ke tsakaninmu ba ni na ƙulla shi ba, ba kuma ni zan yanke shi ba. In an yi haihuwa a gidanka za ka gan ni, in an yi rashi za ka gan ni, in mun haɗu a gidan Kawu zan gaishe ka yadda ƙanwa ke gaida wanta. Amma yardar da na yi maka, wadda ta sa na ɗauki maganarka na shiga da ita gida gida ba tare da na tambayi shaida ba, wannan ba dakatar da ita na yi ba, Yaya. Ta ƙare. Na gaya maka ƙarara, kuma da Hausa, don kada ka zauna jiran ta dawo.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci zuriyarka, ya ba ka ikon sauke haƙƙin bayinsa tun a nan duniya, ya sa duk inda aka sake damƙa maka amanar talakawa ka gaya musu gaskiya a kan lokacinta. Mu kuma Allah ya musanya mana da mafi alheri.

Wassalam.

Taka 'yar'uwa,
Malama Binta,
tsohuwar tafintar cibiyar mata masu turara shinkafa.